Ga Mai Hawa

A unguwarmu ta Awali babu wanda bai san muryar mahaifinmu ba, alhali shi ba liman ba ne, ba kuma ladan ba. Abdulfattah mai hawan dabino ne, ɗan mai hawan dabino. Kakanmu ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, ya ga Madina ya ce shi kam ya iso, ya kama aiki a gonakin dabino har aka binne shi a nan. Abin da ya bar wa 'ya'yansa gado shi ne igiyar hawa da maƙogwaro.

Maƙogwaron yana da dalili. Katanga ce kawai tsakanin gonakinmu da gidajen mutane, kuma duk wanda ya hau dabino, tsakar gidan maƙwabta a tafin hannunsa take: mai wanki, mai tsefe kai, wadda ta yar da mayafi tana shan iska. Don haka tun zamanin kakanni mai hawa ba ya ɗaga ƙafa sai ya kwarara kira: "Ya Sattar! Ga mai hawa!" Mata su suri mayafi su shige ɗaki. Sai wani a ƙasa, wanda ya tabbatar an kimtsa, ya amsa masa: "Hau, an suturta!" In ba a amsa ba, babu hawa, ko da dabinon zai ruɓe a sama. Wanda ya amsa kuwa ya ɗaukar wa kansa nauyi, ba ya barin gindin bishiyar sai mai hawa ya sauko. Yanzu an cika gonaki da tsani da motar ɗaga mutum, babu kira babu sallama, amma a layinmu har gobe haka ake yi.

Ina ƙarama Abuya, kamar yadda muke kiran mahaifinmu, ya amsa wa ƙanensa, Baffa Zakiru, igiya ta tsinke, Baffa ya faɗo. Bai mutu ba, ƙugu ne ya goce. Har yau yana jan ƙafa yana ba da labarin cikin dariya, kowace shekara yana ƙara wa bishiyar tsawo. Abuya dai bai taɓa taya shi dariyar ba. Ranar da aka haifi ƙanena Umair, Abuya ya rantse da Allah a gaban mutane cewa bakinsa ba zai taɓa ce wa ɗansa "Hau" ba.

Ya kuwa riƙe rantsuwar da haƙori. Umair ya tashi ko kujera bai taɓa takawa don canza ƙwan fitila ba. Ni, Hidaya, ni ce mai hawa kujera, ni ce mai hawa soro in leƙa tankin ruwa, tunda ba a yi rantsuwa a kaina ba. In na faɗo ma, sai dai a ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da Umair ya samu shiga makarantar sojan ruwa, Abuya ya yanka rago. Hujjarsa ita ce teku a shimfiɗe take, babu bishiya ko ɗaya a cikinta. Daga nan majalisar dattawa ta ƙofar masallaci ba ta sake hutawa ba. Kullum bayan la'asar: "Ɗana zabit ne a bahariyya, hafsan sojan ruwa guda. Jirginsu ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa. Yana zaune a mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan, sanyi na dukansa, maɓalli kawai yake dannawa." Umair ko zabit ɗin bai zama ba tukuna, ɗalibi ne, amma wa zai gaya wa Abuya?

Ana nan sai ga Umair wata safiya da jakarsa, ba hutu ba, ba sanarwa. Ya rame, idanu sun faɗa. Ummi ta kawo shayi da fatira, bai taɓa ba. Shi Hausa yana jinta tas, amma amsarsa rabi Larabci ce, ranar kuwa har Larabcin ya maƙale. Da ƙyar muka tattara labarin. Wani jirgin horo na sojan ruwan wata ƙasa ƙawa ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Yanbu, zai ɗauki ɗalibai kaɗan daga makarantarsu su yi doguwar tafiya da shi. Duk wanda ya yi wannan tafiya, hanyarsa ta buɗe. An zaɓi Umair.

"To, ai abin godiya ne," in ji Abuya. "Ina hoton safinar, jirgin naku?"

Umair ya miƙa masa jawwal ɗinsa. Abuya ya duba, ya matsar da wayar nesa, ya dawo da ita kusa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Farin jirgi ne dogo, da sanduna uku a tsaye masu tsawon gaske, kowace da sandunan gicciye jere bisa jere, a jikinsu an rataya manyan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, sai ka ce ranar wankin zannuwan gado a otal. Igiyoyi kuwa ba a magana.

"Wannan na gidan tarihi ne," in ji Abuya. "Nuna mini naku."

"Shi ne, Abuya. Haza huwa."

"Ina injin?"

"Akwai ƙarami. Amma da iska yake tafiya."

"Da iska! A ƙasar fetur?" Abuya ya dubi Ummi kamar ita ta ƙera jirgin. "Rakiya, kin ji? Irin wannan fa mahaifina ya tsallako da shi daga Sawakin, yana amai yana salati. Mun yi shekara da shekaru muna gaba, ashe zagaye muke yi."

Umair ya yi bayani cewa da gangan ne. Sojojin ruwa suna ajiye irin wannan jirgi don ɗalibi ya san iska da igiyar ruwa da hannunsa, ya koyi dogara da ɗan'uwansa, kafin a ba shi maɓalli. Abuya yana gyaɗa kai yana hura hanci, har yatsansa ya sauka kan wasu ɗige-ɗige a can ƙololuwar sandar. Ya tambaya ko tsuntsaye ne.

"Ɗalibai ne, Abuya. Su ke kwance ƙyallen, su ke naɗe shi. Kowa sai ya hau."

Sannan sauran labarin ya fito. An jera su a gindin tsanin igiya, an busa usur, kowa ya haye. Umair ya taka matakai kaɗan, ya dubi ƙasa, ya ƙanƙame igiya ya rufe ido. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare shi yatsa bayan yatsa. Babban jami'in jirgin mutumin kirki ne, ya ba shi izinin zuwa gida, ya ce ranar tashi duk ɗalibai za su hau su tsaya a kan sandunan gicciye don yi wa gari bankwana. In Umair ya hau, yana cikin tafiya. In bai hau ba, jakarsa na jiransa a bakin tasha.

"Ka koya mini, Abuya," in ji Umair, da Hausa tsantsa, abin da rabon da in ji tun yana firamare. "Kai kaɗai na sani wanda ba ya tsoron sama."

Na tausaya masa har cikin raina, na kuma ji haushin Abuya, don shi ya dasa wannan tsoron da hannunsa ya yi ta ba shi ruwa. Abuya ya tashi ya fita. Ya yi ta zagaye gona har azahar. Da ya dawo sai ya ajiye igiyar hawa a gaban Umair ya kafa sharuɗɗa. Zai nuna masa yadda ake ɗaura igiya da inda ake sa ƙafa, amma "Hau" ba za ta fito daga bakinsa ba. Kuma kada kowa ya sani, musamman 'yan majalisa. Za a yi da tsakar rana, lokacin da duk Awali ke barcin ƙailula.

Nan fa aka yi tsalle aka dire a kan matsala. Ta yaya za a hau dabino a ɓoye, alhali doka ta ce sai an yi kira? In Umair ya kira, duk layi sun san muryarsa. In Abuya ya kira, mata za su ɗauka tsohon da suka saba da shi ne, sai kuma su ga saurayi a sama. Abuya ya yi dogon tunani ya fito da dabara: za a yi kiran, amma a hankali. Ni kuma zan amsa, ni ma a hankali. Na ce masa kiran da ba a ji ba ai ba kira ba ne. Ya ce Allah ya ji, in rufe masa baki.

Muka je bishiyar da ke ƙarshen gona, jikin katanga. Rana tana dukan ƙeya. Abuya ya zagaya igiyar a bayan Umair da jikin bishiyar, ya ɗaure, ya sake ɗaurewa, ya ja, ya sake ja. Umair ya raɗa "Ya Sattar, ga mai hawa" kamar mai gaya wa bishiyar sirri. Na raɗa masa amsa. Ya fara hawa, Abuya na bin sa da hannuwa a buɗe. Abin mamaki ya yi ɗan nisa, har kansa ya wuce tsawon katanga. A nan ne ya yi ido huɗu da Hajja Khadijatul Kubra.

Hajja Kubra maƙwabciyarmu ce, gwauruwa, asalin mutanen Sudan, mace mai jiki da murya. Duk layi an yarda ba ta da furfura ko ɗaya, ita kuma tana cewa baiwa ce. Ashe lokacin ƙailula take zama a tsakar gida, kai a buɗe, ta damɓara lalle da baƙin rini tun daga goshi har ƙeya. Ihun da ta kurma ya tashi tattabarun unguwa. Umair ya yi abin da ya iya, wato ya rungume bishiya ya rufe ido. Ita tana jifansa da takalmi tana cewa ya sauka, shi ba ya iya sauka, Abuya a ƙasa yana cewa "Ya waladi, ɗana, sassauta igiyar," ni kuwa dariya ta kayar da ni a kan bututun ban-ruwa.

Kafin a ɓamɓaro shi, Hajja ta zagayo ta ƙofar gona, ta yafa zanen salla, rini na bin kunnenta.

"Ya Abu Umair! Kai? Kai da ubanka ya koya wa layin nan kira? Aib alaik, abin kunya, wallahi! Ina kiran?"

"An yi, Hajja," in ji Abuya, kai a ƙasa. "Ba a dai ɗaga murya ba."

"Wa aka yi wa, tururuwa?"

Babu yadda ya iya, ya gaya mata komai. Ta saurara tana huci. Ta dubi Umair da ke zaune a ƙasa yana haki, hannuwa duk ƙaya, sai na ga fuskarta ta sauko. Ta ce ita ba ta da matsala, yaro ya koyi hawa, amma da sharaɗi: zai yi kira da dukan maƙogwaronsa yadda kakansa ke yi, ita da kanta za ta riƙa amsa masa ta bayan katanga. Abin da ya gani a kanta kuma, in ya fita daga bakinsa, ta san inda za ta same shi ko a tsakiyar teku ne.

Washegari da hantsi Umair ya tsaya a gindin bishiya ya cika ƙirji. "Ya Sattar! Ga mai hawa!" Muryar ta fita har bakin titi. Ni kaina na razana, don muryar Abuya ce sak, sabuwa fil. Daga bayan katanga Hajja ta amsa, "Hau, an suturta!" Ya hau. Ba zan ce ya hau da kyau ba, amma ya wuce inda ya tsaya jiya. Daga baya ya gaya mini cewa in ya yi ihun, tsoron yana fita tare da iskar, in kuma aka amsa, sai ya ji akwai wanda ya tsaya masa a ƙasa.

Kafin la'asar labari ya gama Awali. Abuya ya je majalisa don rashin zuwa ya fi muni. Baffa Zakiru ne ya tare shi da fara'a: "Yaya, ashe mukayyif ɗin bahariyya a saman dabino suke sa shi? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Dattawa suka yi ta dariya har da share hawaye. Abuya ya shanye, ya ce motsa jiki ne likitan soja ya rubuta wa yaron. Kwanakin da suka rage, Umair na kira, Hajja na amsawa, Abuya na tsaye gefe yana gyara masa ƙafa da sanda, leɓensa a datse. Ranar ƙarshe Umair ya taɓa ganyen ƙololuwa, ya sauko da nonon dabino guda, ya aika wa Hajja.

Ranar tashin jirgi Baffa Zakiru ya yi hayar bas, ya ce duk mai son ganin mukayyif ya shigo. Rabin layi suka shiga, maza a gaba, mata a baya da kulolin shayi. Abuya ya sa farar riga mai guga da sabon rawani, ya zauna kusa da direba har Yanbu.

Gani ya kori ji. A hoto jirgin abin wasa ne, a ido kuwa sai da na ɗaga kai har mayafina ya zame. Dabino mafi tsawo a Awali bai kai rabin sandar tsakiya ba. Baffa ma da ya zo tsokana sai ya shafa ƙugunsa. An tara jama'a a bayan igiya a bakin tasha, masu badujala na busa, jami'ai sanye da farare. Ɗalibai suka jeru a gindin tsanin igiya, kowa da ɗamara mai ƙugiya a ƙugu. Abuya ya lura da ɗamarar, ya ce a ƙalla suna da hankali.

Badujala ta tsaya. Aka busa usur. Ɗalibai suka bazu a kan igiyoyi suna hawa, babu mai tari. Mutum ɗaya ya rage a ƙasa, hannu a kan igiya, kai a sunkuye. Ko ba a faɗa ba mun san ɗan wa ne. Wani jami'i ya fara takowa wajensa. Ummi ta kama hannuna ta matse.

Sai Umair ya ɗaga kai ya cika ƙirji.

"Ya Sattar! Ga mai hawa!"

Abin da ya biyo baya ba shawara aka yi ba, jiki ne ya saba. Duk matan Awali da ke wurin, har da Ummi da ta yi tafiyar nan don ta ga ɗanta, suka ja mayafi suka rufe fuska suka juya baya a tare. Wata ma ta durƙusa bayan kular shayi tana neman ɗaki. Sauran jama'a suka yi ta waige-waige, jami'in ya tsaya cak, ya ɗauka wani umarni ne da bai sani ba.

Umair kuwa bai motsa ba. Yana jiran amsa.

Na dubi Hajja Kubra. Ita kaɗai ce ba ta juya ba. Ta harɗe hannuwa, ta datse baki, ta kafe Abuya da ido.

"Hajja, amsa masa," in ji Abuya. "Don Allah."

"Nan ba katangata ba ce."

"Na yi rantsuwa, Hajja."

"Rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai, ni zan dafa. Yaro fa ba ni yake kallo ba."

Gaskiya ta faɗa. Daga can gindin sandar, Umair mahaifinsa yake kallo. Jami'in ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa. Baffa Zakiru ya matso da ƙafarsa mai ja, babu dariya a fuskarsa, ya ce a hankali, "Yaya, igiya ce ta tsinke, ba bakinka ba."

Abuya ya tura sabon rawaninsa baya, ya kafa hannuwa a gefen baki yadda yake yi a gona.

"Hau, ya waladi! An suturta! Hau!"

Umair ya hau. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Abuya yana bin sa da baki, "Dama, hagu, kada ka dubi ƙasa," kamar zai ji. Ya wuce sandar gicciye ta farko, ya wuce ta biyu, ya maƙala ƙugiyarsa, ya taka ya tsaya a layi da 'yan'uwansa, ya buɗe hannuwa. Ummi daga cikin mayafi tana ta tambaya, "Ya hau? Ya hau?" Hajja ta fizge mayafin ta ce, "Buɗe ido, baiwar Allah, ɗanki ne, muharraminki ne." Ni kuka nake yi sosai, ban ma ɓoye ba.

Aka kwance igiyoyin tasha, jirgi ya ja baya ya juya, ɗalibai na tsaye a sama. Jama'a suka watse. Muka koma bas, direba ya kunna mukayyif na gaske, aka ƙirga kai, babu Abuya. Na koma na same shi inda muka bar shi, cikin rana, yana kallon jirgin da ya zama ɗan farin abu a bakin teku.

"Abuya, ana jiranka."

"Su jira. Ni na amsa masa."

"Ai ya tafi, Abuya."

"Ya tafi, amma bai sauko ba."

Direba ya yi ta hon. Wani mai gadi ya zo ya ce za a rufe ƙofa, Baffa ya ja shi gefe da labarin bishiyarsa, wadda ranar ta kai tsawon sandar jirgi. Mata suka sauko da shayi suka zauna a inuwar bas. Babu wanda ya sake cewa a tafi. Jirgin ya ɓace gaba ɗaya, Abuya na tsaye, zufa ta jiƙa rigar gugar.

Can sai jawwal ɗina ya yi ƙara. Na sa masa a kunne, amma na ji muryar, tana tsinkewa saboda nisa.

"Abuya, nazalt. Na sauko."

Abuya ya zauna daɓas a ƙasan tasha da farar rigarsa, ya cire rawanin ya goge fuska da shi.

"Sannu da sauka," ya ce.